Filin Tambaya da Amsa: Alƙalumana sun ƙi yin siffar ƙararrawa, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, ina karanta tattalin arzikin noma, kuma binciken da zan kammala karatu da shi a kan noman shinkafa ne a ƙauyukanmu na ƙaramar hukumar Auyo a jihar Jigawa. Na zagaya na tambayi manoma 60 yawan buhunan shanshera da kowannensu ya samu a bara, domin in gwada masu shuka irin FARO 44 da masu shuka irin gida, in ga waɗanda suka fi samun amfani. Malamin da ke duba aikina ya ce kafin in yi gwajin t, wato gwajin da ake kwatanta matsakaicin rukuni biyu da shi, sai na tabbatar cewa alƙaluman "nomal" ne. Da na shigar da su SPSS, manhajar kwamfuta ta lissafin ƙididdiga, sai ya nuna mini matsakaici buhu 31, adadin tsakiya (wato wanda ke tsakiya idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba) buhu 22, ma'aunin bazuwa 24, a ƙarƙashin gwajin Shapiro-Wilk kuma, inda aka rubuta Sig., na ga .000. Wani abokina ya ce aikin ya lalace, sai dai in cire manyan manoma biyar da suka haura buhu 80, da mutum uku da ambaliya ta cinye gonakinsu ba su samu ko mudu ba, sannan in ɗan taɓa wasu lambobin har su daidaita. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba. Mene ne ainihin wannan "nomal" ɗin, kuma yaya zan yi? Daga wani ɗalibi, Auyo.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, aikinka bai lalace ba, kuma zuciyarka da ta ƙi kwanciya ita ce ke da gaskiya. Kada ka cire kowa tukuna, kada kuma ka taɓa ko lamba ɗaya, sai ka karanta wannan amsa har ƙarshe.

Tunda kai ɗan manoma ne, ka san masussuka, ka kuma sha ganin mata suna sheƙa. Ka tuna yadda mace take ɗaga ƙwarya sama tana tsiyayo hatsi a wuri ɗaya. Idan iska ta tsaya cik, ƙwayoyin za su yi tsibi mai tudu a tsakiya, yana raguwa sannu a hankali ta dama da ta hagu daidai wa daida, sai 'yan ƙwayoyi ƙalilan da suka yi tsalle suka faɗa can nesa. Idan ka tsuguna ka dubi tsibin nan ta gefe, abin da idonka zai gani ya yi kusa ƙwarai da siffar da masana ƙididdiga suke kira rarrabuwa ta nomal, wadda wasu ke kamantawa da ƙararrawar da aka kife. Mafi yawan abin da aka auna yana taruwa kusa da matsakaici, kaɗan ne ke yin ƙasa sosai, kaɗan ne ke yin sama sosai, kuma ɓangarorin biyu suna kama da juna. Idan kuwa iska ta kaɗa, sai tsibin ya karkata, ya ja jela mai tsawo ta gefen da ƙaiƙayi ya bi. Naka alƙaluman irin wannan tsibi na biyu ne, kuma aikin da ke gabanka shi ne ka gano wace iska ce ta kaɗa su.

Lambobi biyu kacal ne ke riƙe da wannan siffa: matsakaici, wanda ke nuna inda tudun yake, da ma'aunin bazuwa, wanda ke nuna faɗin tsibin. Idan abu ya bi siffar nomal, kimanin kashi 68 cikin 100 za su faɗa tsakanin taku ɗaya na ma'aunin bazuwa ƙasa da matsakaici da taku ɗaya sama da shi, kimanin kashi 95 za su faɗa cikin taku biyu, sannan kashi 99.7 cikin taku uku. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa ya ɗora buhuna dubu a sikeli, ya samu matsakaicin nauyinsu kilo 75, ma'aunin bazuwa kuma kilo 2. To zai tarar da kimanin buhu 680 tsakanin kilo 73 da 77, kimanin 950 tsakanin kilo 71 da 79, waɗanda za su fita daga tsakanin 69 da 81 kuwa ba za su wuce uku ko makamancin haka ba. Yanzu ka gwada wannan awo a kan naka. Taku biyu shi ne 48, idan ka cire shi daga 31 sai ka samu 17 ƙasa da sifili, alhali babu manomin da ke girbe ƙasa da babu. Ka kuma lura cewa a siffar nomal matsakaici da adadin tsakiya wuri ɗaya suke tsayawa, naka kuwa akwai tazarar buhu tara a tsakaninsu, saboda 'yan manyan manoman nan sun janyo matsakaicin zuwa sama. Tun kafin kwamfuta ta yi magana, waɗannan lambobi uku sun riga sun gaya maka labarin.

Wannan siffa tana da tarihi. Abraham de Moivre, Bafaranshe mazaunin Landan, shi ne ya fara fito da lissafinta a 1733 lokacin da yake nazarin abin da ke faruwa idan aka yi ta jefa kwabo sau da yawa. Carl Friedrich Gauss na Jamus ya yi amfani da ita a 1809 wajen bayanin kurakuran da ake samu a awon taurari, shi ya sa har yau wasu ke kiranta da sunansa, sannan Laplace ya nuna a 1810 dalilin da ya sa take yawan bayyana. Dalilin kuwa shi ne, duk abin da ƙananan sabubba masu yawa suka taru suka haifar, kowane yana ƙara ɗan kaɗan ko yana rage ɗan kaɗan ba tare da ya dogara da ɗan'uwansa ba, to yakan ɗauki wannan siffa. Tsayin manyan maza a gari guda haka yake, nauyin buhunan da mutum ɗaya ya cika ma haka. Sunan "nomal" ɗin ne ke ruɗa ɗalibai, domin a Turanci yana ɗauke da ma'anar abin da yake lafiya lau, sai su ɗauka duk alƙaluman da suka saɓa masa marasa lafiya ne. Karl Pearson, wanda yana cikin waɗanda suka yaɗa sunan, shi da kansa ya yi nuni daga baya da cewa sunan yana da wannan illa.

Yawan buhunan da manomi ke samu kuwa ba tarin ƙananan sabubba ba ne, ninki ne. Girman gona ake ninkawa da abin da kowace eka ta bayar, kuma kai ma ka san yadda gonaki suke a ƙauyukanmu: gado ya rarraba su, mafi yawan mutane suna da 'yan ƙanana, mutum kaɗan ne ke da manya, kuma mai babbar gonar shi ne yawanci ke da injin ban ruwa da kuɗin sayen taki a kan kari. Abin da aka samu ta hanyar ninki yakan ja jela ta dama. Da a ce ka kawo mini buhunan manoma 60 na Auyo sun yi ƙararrawa tsaf, da sai na yi shakkar ko ka je ƙauyukan.

Sai batun .000 da ya tayar maka da hankali. Gwajin da Samuel Shapiro da Martin Wilk suka wallafa a 1965 yana farawa ne da ƙaddara cewa alƙaluman sun fito daga rarrabuwa ta nomal, sannan ya tambaya: idan haka ne, yaya yiwuwar a samu samfuri, wato rukunin mutanen da aka tambaya, da ya kauce wa siffar kamar yadda wannan ya kauce, ko fiye? Amsar ita ce lambar da ke ƙarƙashin Sig., wadda littattafai ke kira p. Idan ta gaza 0.05, al'adar masu bincike ita ce a yi watsi da ƙaddarawar. Naka .000 ba sifili ba ne, SPSS ne ya yanke shi a gurbi uku, don haka a rahotonka ka rubuta cewa p bai kai 0.001 ba. A teburin za ka ga wani gwajin a gefe, na Kolmogorov da Smirnov wanda Lilliefors ya yi wa gyara a 1967. Ga samfuri irin naka na fi son ka dogara da Shapiro-Wilk, domin ya fi shi saurin gano karkata.

Sai dai ina so ka san raunin waɗannan gwaje-gwaje, domin na ga ɗalibai da yawa suna ɗaukar hukuncinsu tamkar hukuncin alƙali. Idan samfurin ƙarami ne, kamar mutum 10 ko 12, gwajin ba ya da ƙarfin gano karkata ko da tana nan, sai ya bayar da p mai girma, ɗalibi ya yi murna ya rubuta cewa ya tabbatar alƙalumansa nomal ne, alhali abin da ya faru kawai shi ne gwajin bai samu isasshiyar shaida ba. Idan kuma samfurin ya kai dubbai, 'yar karkatar da ba ta cutar da komai ma za ta sa p ya faɗi ƙasa. Ga shi kuma gwajin ba ya gaya maka ta ina aka karkata, ko me ya jawo. A nan ne maganar Bahaushe ta gani ya kori ji take da muhalli. A sashen nan na SPSS mai suna Explore da ka samo teburin, ka umarci SPSS ya zana maka histogiram, wato zanen ginshiƙai da ke nuna manoma nawa ne suka faɗa a kowane rukunin buhuna, da kuma zanen Q-Q, wanda ke jera alƙalumanka daga ƙarami zuwa babba yana gwada kowanne da gurbin da ya kamata ya tsaya da a ce nomal ne. Idan ɗigogin sun bi miƙaƙƙen layin da aka ja, siffar ta yi kusa da ƙararrawa. Idan sun lanƙwashe kamar baka, akwai karkata. Idan kuma suna hawa kamar matakala, mutane da yawa ne suka ba ka lamba iri ɗaya.

Ina kyautata zaton za ka ga matakalar nan, domin idan ka tambayi manomi buhu nawa ya samu, yakan ce ashirin, ko talatin, ko hamsin, da wuya ya ce ashirin da uku. Ka ɗauko takardun tambayarka ka ƙirga amsoshi nawa ne suka ƙare da sifili ko biyar. Wata dabara da na sha ba ɗalibai ita ce su bi ta hanyar zakka, domin manomin da ya fitar da ɗaya cikin goma na noman damina, ko ɗaya cikin ashirin na abin da ya shayar da injin, ya yi ƙirga na gaskiya a ranar da ya fitar, kuma yakan tuna shi fiye da jimillar da yake faɗa a majalisa. Abu na biyu da za ka iya gani shi ne tudu biyu a maimakon ɗaya. Idan haka ta faru, kusan tabbas ka haɗa masu noman rani da masu noman damina a tukunya ɗaya, kuma magani shi ne ka raba su.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Babbar matsalar aikinka tana cikin tambayar da ka yi wa manoman. Kana so ka san wane iri ne ya fi bayar da amfani, sai ka tambayi jimillar buhuna, alhali wanda ya samu 90 a hekta uku da wanda ya samu 30 a hekta ɗaya ƙoƙarinsu ɗaya ne. Idan masu manyan gonaki su ne suka fi sayen FARO 44, to gwajin zai nuna maka cewa irin ya yi fice ko da kuwa faɗin gona ne ya yi aikin. Ka koma ka samo girman kowace gona, ka raba buhuna da shi. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, kada ka gauraya su, kuma idan mai gona bai san girmanta ba, akwai manhajojin waya da za ka zagaya iyakar gonar da su a ƙafa su ba ka awo. Ka kuma ɗora 'yan buhuna a sikeli a kowane ƙauye, domin cikar buhun wani gari ba ita ce ta wani ba. Da zarar ka mayar da alƙaluman zuwa kilo a kowace hekta, akwai kyakkyawan zaton jelar nan za ta gajarce sosai, kuma manyan manoman biyar da ake so ka kora za su koma cikin jama'a.

Bayan haka sai ka sake duba siffar, amma rukuni-rukuni, masu FARO 44 daban, masu irin gida daban, domin abin da gwajin t ke buƙata ke nan, ba siffar tarin duka ba. Ka sani kuma gwajin t yana da haƙuri. Abin da Laplace ya nuna ya haɗa da cewa matsakaicin samfuri yana matsawa kusa da siffar nomal yayin da samfurin ke girma, ko da ainihin alƙaluman sun karkata. Daga nan aka samo maganar da ake yawan yi cewa mutum 30 sun isa, wadda ƙiyasi ce kawai: tana aiki idan karkatar 'yar kaɗan ce, idan kuwa jelar doguwa ce ana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan har yanzu karkatar ta yi yawa, kana da hanyoyi biyu na halal. Ko dai ka ɗauki logaridim na alƙaluman, wanda ke matse manyan lambobi ya mayar da ninki ya zama tari, ko ka yi amfani da gwajin Mann-Whitney na 1947, wanda ke aiki da jerin matsayi, wato wa ya zo na ɗaya wa ya zo na biyu, ba ya kuma buƙatar siffar nomal. A naka yanayin na fi karkata ga na biyun, domin sifili ba shi da logaridim, kai kuma kana da mutum uku da suka tashi da sifili. Idan ka zaɓe shi, ka kawo adadin tsakiya na kowane rukuni a rahotonka.

Game da shawarar abokinka, dalili ɗaya ne ke halatta gyara lamba, shi ne idan kuskuren rubutu ne, kamar a rubuta 200 a maimakon 20, kuma hanyar tabbatarwa ita ce ka koma takardar asali ko ka kira manomin a waya. Lambar da ta zama saniyar ware amma gaskiya ce, tana nan a matsayinta. Mutum ukun da ruwa ya ci gonakinsu suna faɗar wani abu na haƙiƙa game da noma a kwarin Haɗeja, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce, kuma duk wanda ya ga daminar 2022 ya san haka. Kana iya yin lissafin sau biyu, da su da kuma ba su, ka nuna sakamakon duka biyun, ka bayyana dalili. Canza lamba don a faranta wa gwaji kuwa ƙarya ce, kuma cin amanar mutanen da suka bar aikinsu suka zauna suka amsa maka tambayoyi ne.

TAMBAYA: Malam, ni malamar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Ɗambatta ta jihar Kano. Kullum muna auna yara, muna duba jadawali mu ce wannan yana ƙasa da -2, wancan ƙasa da -3. Na iya aikin, amma ban san daga ina lambobin suka fito ba, kuma a wasu makonnin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da nake aunawa suna ƙasa da -2. Shin haka ƙauyen gaba ɗaya yake?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. Lambobin nan su ne takun da na yi wa ɗalibin Auyo bayani a sama. Jadawalin da kike dubawa ya samo asali ne daga ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, bayan an auna yara fiye da 8,000 masu samun kulawa mai kyau a ƙasashe shida, wato Gana, Indiya, Oman, Norwe, Barazil da Amurka. Sifili shi ne tsakiyar waɗannan yara masu ƙoshin lafiya, -2 kuma taku biyu ne ƙasa da su. A cikin yaran da ke samun isasshen abinci da lafiya, biyu zuwa uku ne kawai cikin 100 za su faɗa ƙasa da -2, ƙasa da -3 kuwa bai fi yaro ɗaya cikin kimanin 740 ba. Shi ya sa idan nauyin yaro gwargwadon tsayinsa ya gaza -3, ko zagayen damtsensa bai kai santimita 11.5 ba yana tsakanin wata 6 da wata 59, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ake ɗaukarsa a matsayin mai tamowa mai tsanani ba tare da jinkiri ba.

Kashi ɗaya cikin huɗun da kike gani ya ninka abin da ake tsammani kusan sau goma, don haka abin damuwa ne, kuma ya dace ki sanar da na gaba da ke. Sai dai ba zai zama awon ƙauyen ba, domin yaran da ake kawowa asibiti yawanci waɗanda zazzaɓi ko gudawa ta riga ta kayar ne, masu ƙoshin lafiya suna gida suna wasa. Sanin halin ƙauye sai an bi gida-gida an zaɓi yara ta hanyar ƙuri'a. Masu irin wannan bincike suna amfani da siffar ƙararrawa wajen duba ingancin awonsu: idan ma'aunin bazuwar makin nauyi gwargwadon tsayi, wato lambobin nan irin su -2 da -3, ya fita daga tsakanin 0.8 da 1.2, sukan zargi sikeli ko hannun mai awo. Ke ma kina da binciken da za ki iya yi a teburinki gobe da safe. Ki buɗe rajistar watan jiya, ki bi layin nauyi da na tsayi da yatsa, ki ƙirga lambobi nawa ne suka ƙare da .0 ko .5. Idan ana karanta awo yadda ya zo, ya kamata su zama kimanin biyu cikin kowane goma. Idan kin tarar sun kai shida ko bakwai, to ana zagaye lambar kafin a rubuta, kuma ga jaririn da bai wuce kilo 6 ba, giram 200 ko 300 da aka ƙara masa a takarda suna iya tsallakar da shi daga layin -3 a mayar da shi gida ba tare da magani ba.